Yadda ake dafa sosej ɗin Italiya da tattasai da albasa a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali

Tambayoyin da ake yawan aiko mini a kan wannan girkin kusan duk a wuri uku suke taruwa: ina za a samu sosej ɗin da ya halatta a ci, me ya sa tattasan yake narkewa ya koma ruwa, kuma awa nawa ake barinsa a tukunya. Wasu masu tambayar suna zaune a Amurka ko Ingila, suna ganin abincin a wurin maƙwabta. Wasu kuma suna nan Kano ko Abuja ko Yamai, an sako musu tukunyar a cikin kayan ɗaki, har yau tana cikin kwalinta.

Girkin na Italiyawan Amurka ne, irin wanda ake cusawa cikin dogon burodi ana sayarwa a bikin San Gennaro na birnin New York duk watan Satumba. A can a kan faffaɗan ƙarfe ake soya shi da wuta mai ƙarfi. Ita kuwa tukunyar lantarki irin su Crock-Pot ba ta suya, kuma ba ta ƙone ruwa. Uwargida, ki riƙe waɗannan abubuwa biyu, domin kusan duk matakan da ke ƙasa dabarar cike giɓinsu ne.

Kayan haɗi, na mutum shida

- sosej kilo 1, wato guda 9 zuwa 10
- tattasai manya masu ƙiba guda 4, a haɗa kore da ja, da rawaya in an samu
- albasa manya 3
- tafarnuwa ƙwaya 5
- yankakken tumatir na gwangwani giram 400, ko nunannen tumatir 5
- tumatirin leda mai kauri, babban cokali 2
- ruwan khal babban cokali 1
- man zaitun ko man gyaɗa babban cokali 2
- busasshen ganyen oregano ƙaramin cokali 1, ko tayim
- masoro da gishiri

Kayan aiki kuma: tukunyar lantarki mai cin lita 5 zuwa 6, kaskon suya mai kauri, abin kama nama ko cokula biyu, da ma'aunin zafin nama in akwai.

A kuɗin girkin, nama ne ke cin kaso mafi girma. Sosej na kanti mai shaidar halal ya fi wanda za ki haɗa da kanki tsada, musamman a manyan kantunan gida inda daga waje ake shigo da shi. Rawayan tattasai ma yana da tsada, kuma kwalliya kawai yake ƙarawa, don haka kore da jan tattasanmu na kasuwa sun wadatar. Wuta ba ta da yawa: tukunyar da ke jan wat 250, in ta yi awa 6 a kunne, yunit ɗaya da rabi ta ci a mita.

1. Duba tukunyar da wutar gidan

Ki juya tukunyar ki karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinta. Wadda aka yi don kasuwar Amurka wuta mai ƙarfin bolt 120 take ɗauka, alhali wutar Najeriya da Nijar da Gana bolt 220 zuwa 230 ce. In kin jona ta kai tsaye za ta ƙone. Sai an sa mata na'urar rage ƙarfin wuta wadda za ta iya ɗaukar nauyinta. Wadda ta fito daga Ingila ba ta da wannan matsalar.

Sannan ki yi wa kanki gaskiya a kan wutar unguwarku. Girkin yana bukatar awa 3 zuwa 6 ba yankewa. In ba ki da tabbacin haka, ki zaɓi ranar da kike gida, gas ko gawayi na kusa. Na yi bayanin abin yi in an ɗauke wuta a mataki na 7.

2. Zaɓen sosej

Nan ne ya kamata ki fi natsuwa. Sosej ɗin Italiya na asali da naman alade ake yinsa. Duk wanda kika gani a kantin Turawa an rubuta masa Italian sausage ba tare da ƙarin bayani ba, ki ɗauka alade ne. Ana yin irinsa da naman sa, ko talo-talo, ko kaza, kuma shi za ki nema.

Gargaɗi: sunan naman da ke gaban leda bai isa ba. Da yawa daga cikin sosej ɗin kaza da na talo-talo a cikin hanjin alade ake ɗura su. Ki juya bayan ledar ki karanta jerin kayan haɗi har ƙarshe. In kin ga pork casing ko hog casing, ki mayar. In an rubuta natural casing kawai ba a faɗi dabbar ba, shi ma ki bar shi, sai dai in akwai hatimin halal. Hanjin tumaki da fatar da ake yi da kolajin (wani sinadari da ake samu daga fatar dabba) na saniya su ne ake amfani da su a sosej na halal. Ki duba ko an sa giya a haɗin, domin wasu kamfanoni suna sawa. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ki je mahautar Musulmi ki tambayi mahaucin baki da baki.

Iri biyu za ki tarar. Mai rubutun sweet ko mild ba shi da yaji, mai rubutun hot yana da barkono. Harshenmu ya fi sabawa da mai yajin, amma in akwai yara ki haɗa rabi da rabi. Ki sayi ɗanye, mai kauri. Siririn sosej da aka riga aka dafa, irin wanda ake sa wa a shawarma, ba zai yi ba: in ya yi awa biyar a tukunya kumbura yake yi ya zama lami.

3. In babu na saye, ki haɗa da kanki

Ni wannan hanyar na fi so, domin kin san abin da ke ciki, kuma ba dole sai da hanji ba. Abin da ke bambanta sosej ɗin Italiya da sauran shi ne shammar, waɗannan 'ya'yan masu ɗan tsawo, kore-kore, masu ƙamshi mai zaƙi, da ake samu a wurin masu sayar da magungunan Musulunci da kayan ƙamshi.

Gargaɗi: kada ki yarda a ba ki hulba a madadinta. Hulba rawaya ce, mai tauri da ɗaci, za ta ɓata naman gaba ɗaya. In shammar ta gagara, yansun ya fi kusa da ita, amma ki sa rabin awon, don ya fi ta ƙarfi.

Ga awon kilo ɗaya: tsokar kafaɗar sa giram 780, kitse giram 220, gishiri giram 16 (babban cokali ɗaya da bai cika ba), shammar babban cokali ɗaya da rabi, masoro ƙaramin cokali 1, dakakkiyar tafarnuwa ƙwaya 4, garin busasshen jan tattasai babban cokali 1, dakakken barkono ƙaramin cokali 1 ko 2, sukari ƙaramin cokali 1, da ruwan ƙanƙara kwatan kofi.

Kada ki ji tsoron kitsen. In ya gaza kashi ɗaya cikin biyar na nauyin haɗin, sosej ɗin zai bushe ya riƙa wargajewa a baki, kuma babu miyar da za ta gyara shi. In da kaza za ki yi, ki yi amfani da cinya har da fatarta, ban da ƙirji.

Ki sa a niƙa naman da kitsen tare, niƙa mai ɗan gari-gari, ba mai laushi sosai ba. Ki soya shammar a busasshen kasko na minti ɗaya har ƙamshinta ya tashi, ki ɗan farfasa ta a turmi ba tare da ta zama gari ba. Ki zuba komai a kan naman yana da sanyi, ki cuɗa da hannu minti 2 zuwa 3, har ki ji ya fara danƙo yana maƙale wa tafin hannunki. Wannan danƙon shi zai riƙe shi a tukunya tunda babu fata. In kitsen ya fara narkewa a hannunki, ki mayar firij na minti 15 kafin ki ci gaba.

Ki gutsuri kaɗan ki soya ki ɗanɗana, ki gyara gishiri ko yaji. Daga nan ki raba gida goma, ki mulmula kowanne ya yi tsawon tafin hannu, ki jera a faranti ki rufe, ya kwana a firij. In sauri kike, awa biyu ma ya yi.

4. Yankan tattasai da albasa

Ki cire 'ya'yan tattasan da farin jijiyar da ke ciki, ki yanka a tsaye, faɗin kowane yanka ya kai santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Albasa ma a tsaye, daga kai zuwa gindi, da kauri. Yankan da muka saba yi wa miya, siriri-siriri, ba ya jure doguwar dahuwa.

Yanzu ki raba tattasan gida biyu. Kashi na farko, wanda koren ya fi yawa a ciki, shi zai shiga tun farko ya narke ya ba miyar ɗanɗano. Kashi na biyu, ja da rawaya, ki rufe ki ajiye a firij sai kusan ƙarshe. Wannan ita ce amsar masu kukan tattasai ya zama ruwa. Babu tattasan da zai yi awa shida cikin tururi ya fito da siffarsa.

In ba ki samu mai ƙiba ba sai dogon tattasanmu na miya, ki sani fatarsa ta fi siranta kuma yakan zo da ɗan yaji. Ki sa kashi ɗaya cikin uku kawai a farko, sauran a ƙarshe. Attaruhu ba ya cikin girkin, amma in ba ki iya cin abinci sai da shi, ki jefa guda ɗaya ba tare da kin yanka ba, ki tsame kafin a ci.

5. Suya kafin dahuwa

Za ki ga wasu suna cewa a zuba komai ɗanye a rufe. Zai dahu, amma sosej ɗin zai fito fari fat, fatarsa tana santsi, miyar kuma tana iyo cikin mai. Minti goma na suya shi ne rabin daɗin abincin nan, kuma in naki na gida ne mara fata, dole ne, in ba haka ba zai watse.

Ki ɗora kasko a matsakaiciyar wuta mai ɗan ƙarfi, ki zuba mai cokali ɗaya. Ki goge danshin sosej ɗin, ki jera guda huɗu ko biyar, kada su matse juna. Ki bar kowane gefe minti 2 zuwa 3 ba tare da kin taɓa ba, har ya yi ja sosai ya saki kaskon da kansa. Cikinsa ɗanye ne har yanzu, kuma haka ake so.

Gargaɗi: kada ki tsattsaga shi da cokali mai yatsu. Romonsa zai tsiyaye ya bar shi a bushe. Kuma kada ki soya shi rabi da daddare ki ajiye don ki ƙarasa da safe. Naman da ya ɗumama bai dahu ba wuri ne da ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Daga kasko sai tukunya. In ya daskare a firiza ne, ki sauko da shi firij tun jiya ya saki gaba ɗaya, domin tukunyar tana jinkirin ɗaukar zafi, daskararren nama zai daɗe a cikinta bai kai zafin da ke kashe cuta ba.

Da kin kwashe sosej ɗin, ki tsiyaye man ki bar cokali ɗaya. Ki zuba kamar rabin albasar ki juya minti 3, ki sa tafarnuwa da tumatirin leda ki ƙara minti ɗaya har launinsa ya yi duhu. Ki zuba khal da ruwa kwatan kofi, ki kankare duk abin da ya kama a gindin kaskon da cokalin katako. Turawa da giya suke wannan kankarar, khal ɗin shi ne madadinta. Ki zuba yankakken tumatirin da oregano, ya tafasa sau ɗaya, ki sauke. In ɗanyen tumatir ne, ki bar shi minti 8 zuwa 10 ruwansa ya ragu tukuna.

6. Jerawa a tukunya

Ɗanyar albasar da ta rage ita ce a ƙasa, sai kashin farko na tattasai, sai sosej a jere a kai, sai ki kwarara haɗin tumatirin a samansa. Ganye a ƙasa yake zama domin ya fi nama jinkirin dahuwa a irin wannan tukunyar, kuma yana ɗaga sosej ɗin kada ya nutse cikin mai. Tukunyar ta cika daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku. In ta gaza rabi, gefe-gefe zai ƙone kafin lokaci, in ta cika maƙil kuma tsakiya zai yi jinkiri.

Gargaɗi: kada ki ƙara ruwa. Idonki zai ce miki abin ya bushe, amma albasa da tattasai ruwa ne a jikinsu, kuma murfin ba ya barin tururi ya fita. Kada ki sa gishiri ko dunƙulen magi yanzu ma. Gishirin da ke cikin sosej zai fito ya shiga miyar, in kin riga kin ƙara naki zai yi yawa. Kori kuma ki bar shi a ma'ajiyarsa, yana danne ƙamshin shammar.

7. Lokaci da wuta

A jikin tukunyar akwai Low (ƙaramar wuta), High (babbar wuta) da Warm (ɗumi). Sosej na naman sa yana bukatar awa 5 zuwa 6 a Low, ko awa 2 da rabi zuwa 3 a High. Na kaza ko talo-talo bai kai haka ba, awa 4 a Low ya ishe shi, in ya wuce sai ya fara bushewa. In kina da lokaci ki zaɓi Low, naman ya fi laushi kuma fatar ba ta fashewa. Warm na riƙe zafin abin da ya riga ya dahu ne, ba a dafa ɗanyen nama da shi.

Ki rufe ki tafi harkarki. Duk buɗe murfi yana zubar da zafin da tukunyar za ta ɗauki kusan minti 20 kafin ta mayar, kuma babu abin da ke bukatar juyawa.

Saura minti 45 a Low, ko minti 30 a High, ki buɗe sau ɗaya, ki zuba kashi na biyu na tattasai a sama, ki ɗan danna shi cikin romon a hankali, ki mayar da murfi da sauri.

Gargaɗi a kan ɗaukewar wuta: in kina gida aka ɗauke, kada ki zauna jiran a dawo da ita. Ki juye komai cikin tukunyar ƙarfe mai kauri ki ƙarasa a gas ko gawayi da wuta kaɗan, minti 40 zuwa awa ɗaya ya isa ko da girkin bai yi nisa ba. Ita kwaryar tangaran da ke cikin tukunyar lantarkin ba a ɗora ta a wuta, fashewa za ta yi. In kuwa kin fita kin dawo kin tarar an ɗauke wuta, tukunyar ta huce, ba ki san tun yaushe ba, to a zubar. Na san zafin asarar kilo guda na nama, amma niƙaƙƙen nama da ya yi awanni da ɗumi-ɗumi yana iya kwantar da gida guda, kuma ba a gane shi da wari ko ɗanɗano.

8. Tabbatar da dahuwa da gyaran miya

Ki soka ma'aunin zafi ta bakin sosej mafi kauri har tsakiya. Na naman sa ko rago ya kai digiri 71 a ma'aunin Salsiyas, na kaza da talo-talo digiri 74. In babu ma'auni, ki yanka ɗaya biyu: ya zama ya yi tauri har ciki, babu sauran ja a tsakiya, ruwan da ke fita kuma garau. Garin jan tattasai yakan rina naman, don haka ki fi lura da taurin da ruwan.

Miyar za ta fi yadda kike so ruwa, kusan kullum haka ne. Ki tsame sosej da ganyen da cokali mai huji ki rufe su. Ki kwashe man da ya taso sama da ludayi. Kitsen naman sa yana daskarewa a baki da zarar ya huce, don haka ki kwashe sosai. Ki juye romon a kasko ki tafasa da wuta mai ƙarfi minti 8 zuwa 10, har ya yi kaurin da zai kama bayan cokali. Za ki iya barinsa a tukunyar lantarkin a High babu murfi na rabin awa, amma kasko ya fi sauri kuma tattasan bai ƙara dahuwa ba.

Yanzu ne za ki ɗanɗana. Gishiri in yana so, masoro, ɗan sukari kaɗan in tumatirin ya yi tsami, ko 'yan ɗigon khal in kin ji ɗanɗanon ya kwanta. Ki mayar da komai wuri ɗaya. Ganyen basil ɗanye yana da kyau a sama. Ɗoɗɗoya danginsa ce amma ta fi shi ƙarfi, ganye biyu ko uku sun isa.

9. Yadda ake ci

Da dogon burodi mai ɓawo ake cinsa. 'Yan uwa na Nijar da Kamaru da Chadi sun huta, domin dogon burodin Faransa da ake sayarwa a kowane lungu shi ne daidai. Ki tsaga shi ta gefe ba tare da ya rabu ba, ki gasa cikin a kasko har ya yi ƙaras-ƙaras, ki kwantar da sosej, ki ɗora tattasai da albasa, sai miya cokali ɗaya ko biyu. Mai son cuku ya shimfiɗa mozzarella ko provolone a cikin burodin kafin sosej, zafin zai narkar da shi. Burodin yanka mai zaƙi da laushi jiƙewa yake yi ya yage, in shi kaɗai ne a hannu ki gasa shi sosai ki ci a faranti.

Yana tafiya da taliya, da farar shinkafa, da dafaffen dankalin turawa. In da waɗannan za a ci, ki yayyanka sosej ɗin, kada ki ƙone miyar sosai. Italiyawa kuma suna cinsa da polenta, wadda kusan tuwon masara ce mai ruwa-ruwa.

10. Ajiyar saura da wanke tukunya

In baƙi ba su iso ba, abincin zai iya zama a Warm na awa biyu, bayan haka tattasan zai mutu. Sauran da aka ci aka rage ya shiga firij cikin awa biyu, ko cikin awa ɗaya in lokacin zafi ne. Ki juye shi a robobi marasa zurfi don ya huce da wuri, kada ki saka kwaryar tangaran ɗungurungum, tana riƙe zafi na tsawon lokaci. Yana kwana 3 zuwa 4 a firij mai wuta tsayayya, a firiza kuma wata 2 zuwa 3. Wurin ɗumame ki yi a kasko da ɗan ruwa har ya tafasa, ban da tukunyar lantarkin, don tana jinkirin kai shi zafi.

Kwaryar kuma ki bar ta ta huce kafin ruwa ya taɓa ta, ruwan sanyi a kan tangaran mai zafi yana tsaga shi. In tumatir ya kama a gefe, ki jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu na rabin awa ki wanke da soso mai laushi, ban da soson ƙarfe. Gangar jikin mai waya ba a tsoma ta a ruwa: ki cire ta daga soket, ki goge da tsumma mai ɗan danshi.